Ƙuma a Jikin Kare: Magani da Rigakafi

Gabatarwa

A shekararmu ta farko a wannan sashe, malamin da ya koya mana tsarin sauti ya rubuta kalmomi biyu a allo, wato "kuma" da "ƙuma", ya ce kowa ya tashi ya furta su. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu duk abu ɗaya muka riƙa faɗi, 'yan ajinmu Hausawa suna ta yi mana dariya. A ranar ce na fara sanin cewa kalma ta biyun, mai lanƙwasa a kai, sunan wani ɗan ƙwaro ne mai shan jinin dabbobi. Na haddace ta ne domin jarrabawa kawai. Ban san wata rana wannan ƙwaro zai jawo mini asara ba.

A hutun damina na 2024 na koma gida Ibadan, na tarar karyarmu mai gadi, Laki, ta haifi kwiyakwiyai biyar a ƙarƙashin matakalar bene, a kan wasu tsofaffin buhuna. Suna da kamar mako huɗu sai na lura kullum cikin susa suke, ga wasu baƙaƙen ƙwari suna gudu a cikinsu. Wani maƙwabcinmu ya ba ni shawarar in ɗiga fiya-fiya a ruwa in yi musu wanka. Na yi yadda ya ce. Kafin awa guda sai suka fara dalalar da yawu, jikinsu yana rawa, suna zawo. Mahaifiyata ta ɗura musu manja, bai yi amfani ba. Kafin mu isa asibitin dabbobi biyu sun mutu a cikin kwali a kan cinyata. Sauran ukun likita ta cece su da allura. Bayan kwana goma kuma ƙwarin suka dawo jikinsu kamar ba a taɓa yin komai ba.

Da na koma na kai ƙorafi, likitar ta ce mini, "Ɗana, ƙuman da ka gani a jikin kare kaɗan ne. Yawancinsu suna ƙasa, a inda karen yake kwana. Ka kashe karnuka biyu, amma ko taɓa gidan ƙuman ba ka yi ba." Wannan magana ita ce ta sa na shiga bincike, kuma abin da na samo shi ne zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala. Da yawa daga cikinmu akwai kare a gidajenmu, ko na gadi ko na farauta ko na sha'awa. Wanda ba ya kiwon kare ma, ƙila akwai kyanwa ko kaji a gidansu, ko kuwa karen maƙwabta yana shigowa.

Mene Ne Ƙuma?

Tun da mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara da rarrabe sunaye, domin a gidanmu duk ƙwaron da aka gani a jikin kare suna ɗaya muke kiransa da shi, alhali kuwa Hausa ta ba kowanne nasa. Kaska ita ce mai ƙafa takwas wadda take kafa kanta a fata, ta zauna wuri guda tana shan jini har ta kumbura. Ƙwarƙwata ba ta da sauri, kuma a jikin gashi take manne ƙwayayenta. Kirci ciwon fata ne mai zubar da gashi, wanda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani suke haddasawa. Ƙuma kuwa ƙafarsa shida, ba shi da fiffike, launinsa tsakanin baƙi da ja, tsawonsa milimita 1 zuwa 3. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa yake ratsa gashi a guje, kuma yana da taurin da ko an murza shi da yatsa ba ya mutuwa da sauƙi. Ƙafafunsa na baya masu ƙarfi ne, yana iya tsallen da ya wuce santimita 20. Wannan rarrabewa tana da amfani, domin maganin da yake kashe ɗaya ba lallai ne ya kashe ɗayan ba.

Akwai nau'in ƙuma fiye da 2,000 a duniya. Abin mamaki, wanda aka fi samu a jikin karnuka shi ne wanda masana suke kira ƙuman kyanwa, a Latinanci Ctenocephalides felis. Akwai na kare na ainihi, Ctenocephalides canis, sai dai bai kai na farkon yaɗuwa ba. Akwai kuma na kaji, wanda yake maƙalewa a zankon kaza da kewayen idonta, kuma yakan hau gefen kunnen kare idan wurin kwanansu ɗaya.

Yadda Yake Hayayyafa

Duk wanda ya fahimci rayuwar wannan ƙwaro ya ci rabin yaƙin. Rayuwarsa mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, zaman cikin kwanso, sannan cikakken ƙwaro.

Da zarar ƙuma ya hau kare, cikin 'yan mintoci zai fara shan jini. Bayan kwana ɗaya ko biyu macen za ta fara saka ƙwai, kuma tana iya saka 40 zuwa 50 a rana guda. Ƙwan fari ne, girmansa kamar rabin milimita, kuma ba ya manne wa gashi. Saboda haka duk inda kare ya kwanta ko ya kakkaɓe jiki, sai ƙwayayen su zube kamar gishiri, a kan buhu da tabarma da kafet da tsagar siminti da yashin tsakar gida.

Cikin kwana biyu zuwa goma sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, wata 'yar farar tsutsa ta fito. Ita ba ta shan jini kai tsaye. Abincinta shi ne kashin manyan ƙuma, wanda busasshen jini ne da yake zubowa daga jikin karen, da kuma ɗan dattin da ta samu a ƙasa. Tana gudun haske, don haka takan shige ƙarƙashin kaya da lunguna. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ta saƙa wa kanta kwanso mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi har ba a iya bambanta shi da datti. A cikin wannan kwanso ne take rikiɗa ta zama ƙwaro, kuma a nan ne matsalar take, domin maganin feshi ba ya ratsa kwanson sosai, kuma ƙwaron yana iya zama a ciki har wata biyar ko shida yana jira. Abin da yake fito da shi shi ne ɗumin jiki da motsi da iskar numfashin dabba ko mutum. Wannan ne ya sa mutum zai buɗe ɗakin da aka daɗe da rufewa, ya shiga, ya ga ƙwari sun baibaye masa ƙafa.

Idan yanayi ya yi masa daɗi, daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro mako biyu ne zuwa uku. Ƙiyasin da likitocin dabbobi suka saba bayarwa shi ne, a gidan da ƙuma ya kama, kashi 5 cikin 100 ne kawai suke jikin dabba, sauran kashi 95 ƙwai ne da tsutsa da masu kwanso, duk a ƙasa. Ke nan ko da wankan da na yi wa kwiyakwiyaina bai cutar da su ba, kashi biyar ɗin nan kawai na kashe, na mayar da su kan buhunan da sauran suke jira.

Yanayin da ƙuma ya fi so shi ne ɗumi mai laima. Tsutsarsa tana mutuwa idan laimar iska ta gaza kashi 50 cikin 100, ko kuma zafi ya zarce digiri 35. Don haka a garuruwa irin su Kano da Sakkwato hunturu da bazara sukan rage shi ƙwarai, sai damina ya dawo da ƙarfi. Mu kuwa a nan kudu, a Ibadan da Legas da Fatakwal, iska tana da laima kusan duk shekara, ƙuma ba ya samun dogon hutu.

Illolinsa

Illa ta farko ita ce ƙarancin jini. Macen ƙuma tana iya shan jinin da ya ninka nauyin jikinta har sau 15 a rana. Ga babban kare mai ƙoshi wannan ba wani abu ba ne, amma ɗan kwikwiyo da ɗaruruwan ƙwari suka taru a kansa yana iya mutuwa. Alamar ita ce dasashinsa, wato naman da haƙora suke ciki, ya yi fari maimakon ja-ja, ga kasala da rashin son tsotso.

Ta biyu ita ce ciwon fata. Wasu karnukan jikinsu ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya tayar musu da ƙaiƙayi mai tsanani. Sai su yi ta cizon kansu har gashin gadon baya da gindin wutsiya ya zube, fata ta yi miki. Mutane da yawa sukan ɗauka kirci ne, su yi ta maganin kirci ba sauƙi.

Ta uku ita ce tsila, tsutsar ciki mai faɗi. Tsutsar ƙuma tana cin ƙwan tsila a ƙasa, tsilar ta fara girma a cikinta, sai kare ya haɗiye ƙuman garin cizon jikinsa. Alamarta ita ce a ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin kare ko a ƙarƙashin wutsiyarsa. Ƙaramin yaro mai rarrafe ma yana iya kamuwa da ita idan ya haɗiyi ƙuma, ko da yake ba kasafai hakan take faruwa ba.

Mutum ma bai tsira daga cizo ba. Ƙanwata ce ta fara shan wahala a gidanmu, ƙuraje ja masu ƙaiƙayi suka fito mata a idon sawu da ƙwauri, muna ta zargin sauro. Ƙuman kyanwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar da suke sa mutum zazzaɓi. Tarihi kuma ya nuna wannan dangi ba abin rainawa ba ne: annobar nan ta ɓeraye da ta addabi Legas daga 1924 zuwa 1931, wani nau'in ƙuma ne mai zama a jikin ɓera yake yaɗa ta. Wani likita Bafaranshe, Paul-Louis Simond, shi ne ya tabbatar da hannun ƙuma a wannan cuta tun a 1898.

Yadda Ake Gane Shi

A kwantar da kare a duba cikinsa da matsematsinsa da hammatarsa da gindin wutsiya. Idan ba a ga ƙwaron ba, a tsayar da karen a kan farar takarda a taje shi da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙin garin da ya zubo a ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja, to kashin ƙuma ne, in bai canza ba, datti ne kawai. Domin a san ko ɗaki ya kamu, mutum ya sa farar safa mai tsawo ya yi yawo a ciki na 'yan mintoci, sannan ya duba safar.

Maganin Jikin Kare

Kafin a sayi komai a auna karen, domin da nauyi ake ba da magani. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya hau ma'auni yana riƙe da karen, sannan ya hau shi kaɗai, ya debe wannan daga wancan.

Akwai maganin ɗigawa a ƙeya. Fitattu a cikinsa su ne masu sinadarin fifronil, irin su Frontline, da masu imidakulofirid, irin su Advantage, waɗanda suka fito tun a tsakiyar shekarun 1990. Ana buɗa gashi a tsakanin kafaɗu, inda harshe ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata, ba a kan gashi ba. Kada a yi wa karen wanka sai bayan kwana biyu. Ana maimaitawa duk wata.

Akwai kuma ƙwayar taunawa, wadda ta fi sabunta. NexGard ta fito a 2013, Bravecto a 2014, daga baya Simparica ta biyo. Maganin yana shiga jini, duk ƙuman da ya ciji karen ya mutu cikin 'yan awoyi, kafin ya kai ga saka ƙwai, kuma yana kashe kaska. NexGard da Simparica wata-wata ake ba da su, Bravecto kuwa tana kai mako 12. Wanka ba ya rage musu ƙarfi. Sai dai a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan rukuni yakan sa wasu karnuka rawar jiki ko farfaɗiya, don haka wanda karensa yake da tarihin farfaɗiya ya gaya wa likita tukuna.

Akwai abin wuya mai magani, wanda ingantaccensa yana aiki har wata takwas. Sabulun wanka mai magani kuwa yana kashe waɗanda suke jiki a lokacin ne kawai, ba ya hana sababbi hawa gobe.

Yawancin waɗannan magunguna ba a ba kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Irin waɗannan ƙanana a riƙa taje su kullum, ana tsoma matajin a ruwan sabulu domin ƙwarin su nutse. Ana iya yi musu wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a goge su sosai don kada sanyi ya kama su. Uwarsu mai shayarwa, likita ne zai zaɓa mata magani. Haka nan a ba da maganin tsila, wato farazikwantel, domin maganin tsutsa na yau da kullum ba kowanne ne yake kashe ta ba.

A yi wa duk karnuka da kyanwoyin gidan magani a rana ɗaya, kowa da irin nasa. A kula ƙwarai: maganin kare mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa, yana iya kashe ta. A saya a wurin likita ko shagon magungunan dabbobi, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.

Maganin Gida

A ranar da aka ba kare magani, a ranar za a far wa makwancinsa. Tsofaffin buhuna da kwalaye a ƙone su. Shimfiɗar da za a ci gaba da amfani da ita a wanke ta da ruwan zafi, kamar digiri 60, duk mako, a shanya a tsakiyar rana. A share lunguna da ƙarƙashin kujeru da gado kullum, a ƙone sharar, kada a tara ta a bayan gida. Mai injin zuƙe ƙura ya yi amfani da shi a kan kafet, ya zubar da abin da ya zuƙo nesa. A toshe tsagar siminti, a nome ciyawa, a kwashe busasshen ganye a inuwar da kare yake hutawa. Idan abin ya yi yawa a nemi maganin feshi na cikin gida mai hana tsutsa girma, a fitar da yara da dabbobi da abinci kafin a fesa, kada su dawo sai wurin ya bushe ya sha iska.

Sai kuma haƙuri. Masu kwanso za su ci gaba da fitowa har makonni, mutum ya ga kamar maganin bai ci ba. A nan ne mutane da yawa suke karaya. Dole a ci gaba da maganin kare da shara aƙalla wata uku a jere, har na ƙarshe ya fito ya hau kare ya mutu. A gidanmu sai a mako na bakwai ƙanwata ta daina samun sabon cizo.

Abubuwan da Za a Guje Wa

Fiya-fiya da maganin feshin gona ba na jikin dabba ba ne. Sinadarin dikulobos da yake cikinsu yana ratsa fata ya taɓa jijiyoyi, na kare da na mai wankan duka. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, kare kuma ya lashe su shiga cikinsa. Tafarnuwa ba ta korar ƙuma, kuma yawanta yana lalata jinin kare. Allurar aibamektin da ake yawan yi wa karnuka tana maganin kirci da wasu tsutsotsi, amma ba a dogara da ita a kan ƙuma. Ruwan ganyen dogon yaro yana iya ɗan kore su, sai dai ba ya raba gida da su.

Idan an riga an yi kuskure irin nawa, a sa safar hannu ko leda, a wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi wurin likita tare da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa manja ko madara, domin suna iya sarƙe shi su shiga huhu.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Magungunan da na ambata suna da tsada, musamman ga ɗalibi, amma tsintsiya da ruwan zafi da hasken rana ba su da tsada, kuma su ne suke yaƙar kashi 95 ɗin nan da suke ƙasa. A riƙa taje kare mako-mako, a ware masa makwanci mai sauƙin wankewa nesa da akurkin kaji, a hana shi yawon unguwa, a rage ɓeraye, sabon kare kuma a duba shi kafin a haɗa shi da na gida. Mu da muke kudu mu ci gaba da maganin rigakafi duk shekara, wanda ƙarfinsa bai kai ba ya tabbatar ya yi na damina. Wanda yake kusa da jami'a mai tsangayar likitancin dabbobi, kamar ta Ibadan ko Nsukka ko Zariya, akwai asibitin koyarwa, kuma jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati.

Kwiyakwiyan nan uku da suka rayu yanzu sun girma, biyu mun bayar, ɗaya yana gadi tare da uwarsa. A bangon ɗakin girkinmu akwai kalanda da ƙanwata take yi wa alama duk ranar da aka ba su magani, kuma idan na kira gida daga makaranta ita nake fara tambaya ko an ba su na wannan wata.